Zaɓen Rediyon Kira da Eriyar Mota a Hanyoyin Abzin

Duk wanda ya saba fita daga Agadas ya san inda salula take mutuwa. A kan kwalta rezo kan zo ya tafi tsakanin gari da gari, amma da zarar mota ta saki babbar hanya ta nufi rijiyoyi, ko ta kutsa cikin duwatsun Abzin, wayar da ke aljihu ta koma agogo da tocila kawai. Dattijon da nake yi wa aikin magatakarda, yawancin tafiye-tafiyensa irin waɗannan wurare ne: sulhu a bakin rijiya, ta'aziyya a ruga, taron Ingal na ƙarshen damina. Girma ya kama shi, kuma iyalinsa ba sa runtsawa idan ya kwana biyu babu labari. Da maganar sanya rediyon kira a motarsa ta taso, ni aka ɗora wa binciken, tunda alƙalami da takarda a hannuna suke. Abin da zan kawo nan na taro shi ne cikin watanni, daga bakin wani tsohon ma'aikacin gidan waya da ya yi ritaya, da direbobin hamada, da takardun na'urorin kansu da ɗana ya riƙa fassara mini.

Al'amarin ya wuce na ƙawa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da ƙananan yara, da damansu daga yankin Kance na jihar Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, ruwa ya ƙare. Allah ya ji ƙansu. Ba zan ce da akwai rediyo da sun tsira ba, domin masu ɗauke da su ɓoyon hukuma suke yi, ba sa son kowa ya ji ɗuriyarsu. Amma tun daga lokacin, kowa a nan ya ƙara sanin cewa lalacewar mota abu ne da ake gyarawa matuƙar wani ya san inda kake.

Rediyon da nake nufi shi ne wanda ake magana a amsa, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira oba-oba. A cikin wannan fanni akwai reshe na masu sha'awa, wanda Faransawa ke ce wa radiyo amatar, masu Ingilishi kuma su ce ham. Mutane ne da hukumar ƙasarsu ta tabbatar da saninsu ta ba su lasisi da lambar kira, suna magana da juna a kan mitocin da dokar sadarwa ta duniya ta keɓe musu. Kowace ƙasa da mafarin lambarta: Nijar 5U, Najeriya 5N, Cadi TT, Kamaru TJ, Gana 9G, Sudan ST. Wanda ya ji 5U a Japan ko Brazil ya san daga ƙasarmu ake kira, kuma da yake masu lasisi a nan ƙalilan ne, rububin amsawa ake yi.

Tsohon ma'aikacin nan ya ce mini mafi yawan masu zuwa wurinsa da sunan na'ura suke zuwa, suna son ya ce wannan ta fi waccan. Shi kuwa tambayarsa ɗaya ce, kuma ita ya yi mini tun kafin in gama zama a tabarma: "Malam, wa kake so ya ji ka, kuma a ina yake zaune?" Da na auna tafiye-tafiyen Dattijo sai na ga amsar biyu ce. Akwai motar da ke biye da mu a ayari, wadda ƙura kan ɓoye ta ko ta kafe a rairayi ba mu sani ba. Akwai kuma gida a Agadas, wanda wani lokaci kilomita ɗari da wani abu ne tsakaninmu, kamar daga Ingal ko Timiya, wani lokaci sama da 500, kamar daga Dirku. Waɗannan ayyuka biyu ne daban, kuma na'urar da ta iya ɗaya ba lalle ta iya ɗayan ba.

Na kusa shi ne mai sauƙi. Mitar da ake kira mita 2, wato megahaz 144 zuwa 146 a yankinmu na Afirka da Turai, tafiyarta kamar ta gani ce: inda ido zai kai in babu abin da ya tare, nan murya take kaiwa, da ɗan ƙari. Mota da mota a fili, kowace da eriya a rufinta, za su ji juna a kilomita 10 zuwa 20. A cikin kwazazzaban Abzin kuwa dutse ɗaya ya isa ya raba ku alhali kuna jin ƙarar injin juna. Abin da ya sa wannan mita ta yi farin jini a Amurka da Turai shi ne tashoshin maimaitawa da ƙungiyoyinsu suka kafa a kan tuddai da dogayen gine-gine, masu karɓar muryar mota su sake watsa ta da ƙarfi. Kusan duk shawarar da ake samu a intanet a kan wannan zato aka gina ta. A hanyoyin da muke bi babu irin wannan tasha ko ɗaya, ko da yake na sha tunanin abin da guda ɗaya za ta yi a kan Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta haura mita 2,000. Saboda haka mita 2 a wurinmu ta ayari ce kurum. Ƙananan na hannu irin Baofeng da suka cika kasuwa, masu wat 5 ko ƙasa da haka, suna wannan aikin idan an haɗa su da eriyar waje. A cikin mota kuwa ƙarfen jikinta ne ke shanye muryarsu. Sai dai yawancinsu a buɗe suke daga megahaz 136 har 174, kuma cikin wannan fili akwai mitocin da ba na ɗan gari ba ne. Yaron da ya murɗa ya faɗa kan na jami'an tsaro ya jawo wa ubangidansa abin da ba a so.

Na nesa shi ne inda maganar take. Nan dole a koma gajeren zango, kuma wannan ba baƙon Bahaushe ba ne. Mu da muka tashi muna ganin iyayenmu suna laluben BBC da Muryar Jamus a kan mita 41 da 31 da 19, mun san tashar da ta fito garau da safe takan ɓace da dare sai an sauya mita. Dalilin shi ne muryar gajeren zango sama take tafiya, ta bugi wani rufi na iska da hasken rana ke caja, ɗaruruwan kilomita bisa kanmu, sannan ta dawo ƙasa. Rufin nan yana sauya hali da fitowar rana da faɗuwarta. Masu sha'awa suna da mita 40, megahaz 7 zuwa 7.2, maƙwabciyar mita 41 ta gidajen rediyo. Suna da mita 80, daga 3.5 zuwa 3.8, suna da mita 20 da ke farawa daga megahaz 14. Ga tazarar da ta dame mu, mita 40 ce ta rana, mita 80 ta dare. Mita 20 ta masu son gaisawa da Italiya ce, ba ta mai neman ɗansa ya kawo masa famfon gas daga Agadas ba.

Akwai wani abu nan da ya ba ni mamaki, kuma shi ne ya sa na daina kallon na'ura na koma kallon eriya. Sandar eriya da ke tsaye cak a kan mota, gefe take harba murya, a kwance-kwance. Abin da ya bi ƙasa yakan mutu bayan ɗan taƙi, balle a busasshen rairayi. Abin da ya tashi kuma sai ya yi nisa kafin ya bugi rufin ya sauko. Tsakanin inda na ƙasa ya mutu da inda na sama ya sauka akwai fili mai faɗi da ba a jin komai, kuma sau da yawa gidanka a tsakiyar wannan fili yake. Mutum na iya tsayawa a Timiya a ji shi a wata ƙasa, mutanen Agadas ba su ji ko tari ba. Maganin abin shi ne a harba muryar kai tsaye sama, ta dawo kamar ruwan da aka watsa wa rufin ɗaki, ta jiƙa ko'ina a kewaye har ɗaruruwan kilomita, ba ruwanta da dutse ko kwari. Eriyar da ke kwance ce ke yin haka. Shi ya sa za ka ga motocin soja da na wasu ƙungiyoyin agaji sun lanƙwaso doguwar eriyarsu bisa rufin mota sun ɗaure bakinta. Mutane na zaton don kada ta bugi rassan ƙaya ne. Wannan ma dalili ne, amma ba shi kaɗai ba.

Sannan ga matsalar tsawo. Eriyar sanda tana son ta kai rubu'in tsawon zangon da take aiki a kai. A mita 2 wannan rabin mita ne, ɗan ƙarfe kamar tsinken tsire mai tsawo. A mita 40 kuwa mita 10 ake bukata, a mita 80 ninkin haka. Babu motar da za ta yi tafiya da sanda mai mita 10. Sai aka yi dabarar naɗa waya a gindinta ko a tsakiyarta don a cike gurbin tsawon da babu, ko a sa akwatin daidaitawa a ƙarƙashinta. Dabarar tana aiki, amma da tsada: daga wat 100 da na'ura ta fitar, abin da ke fita iska ta sandar mita biyu da rabi a kan mita 40 sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, sauran ya zama zafi a cikin naɗin da jikin mota. A mita 80 abin ya fi haka muni. Wannan ne ya sa tsohon ya yi dariya da na tambaye shi ko a nemi na'ura mafi ƙarfi. Ya ce ninka wat daga 50 zuwa 100, mai sauraro da ƙyar zai lura. Sai an ninka sau huɗu allurar na'urarsa take motsawa mataki ɗaya. Amma waya ta jan ƙarfe mai mita 20, a raba ta biyu, mita 10 kowane ɓangare, kebul ya shiga ta tsakiya, a ɗaga ta mita uku ko huɗu da gora ko reshen itace idan an yada zango, wannan ta fi kowace sandar mota da kuɗi zai saya, kuma dama sama take harbawa. Nauyinta bai kai na butar shayi ba. A ganina duk wanda zai shiga hamada da rediyon gajeren zango bai sa wannan waya a jakarsa ba, bai gama shiri ba, domin ranar da zai fi bukatar a ji shi, motar a tsaye take.

Mu da muka yi karatun zaure mun san hukuncin isnadi: mai rauni ɗaya a cikin masu ruwaya ya isa ya raunana hadisi, komai girman malaman da ke gabansa da bayansa. Haka na ga wannan sha'ani yake, daga batir zuwa waya, zuwa na'ura, zuwa kebul, zuwa eriya, zuwa jikin mota. Jikin motar kuwa rabin eriya ne, ba wurin ɗora ta kawai ba. Dole gindin eriya ya taɓa ƙarfe tsirara, a kankare fenti da tsatsa, a kuma haɗa ƙofofi da murfin inji da salansa da gangar mota ta hanyar faffaɗar waya saƙaƙƙiya. Eriya mai gindin maganaɗisu tana da daɗin sha'ani a cikin gari, amma gargadar hanyar Arlit kaɗai ta isa ta jefar da ita, kuma rairayin da ke shiga ƙarƙashinta yana cin fenti. Ta mita 2 a huda tsakiyar rufi a ɗaure ta. Mai motar zai ji zafin hudar kwana ɗaya. Ta gajeren zango kuwa mai walda zai yi mata gindi na ƙarfe mai kauri a kan bamba, da sifirin da zai bar ta ta rusuna. Wani abu da littattafan Turawa ba sa kawowa, domin su ba sa ɗaukar mutane a bayan mota: a nan fasinja a kan kaya yake zama, kuma duk abin da hannunsa ya samu shi yake riƙewa. Eriyar da ake magana ta cikinta da wat 100 tana ƙona hannu. Don haka gaba ya fi mata, inda idon direba yake kanta.

Batun wuta ba ya son dogon bayani, amma nan ne na'urori da yawa suke mutuwa. Rediyon mota bolt 12 yake ci. Manyan motoci da wasu tsofaffin Land Cruiser masu gas bolt 24 gare su, batir biyu a jere. Wanda ya ja wuta daga guda ɗaya zai kashe batiran biyu a hankali. Sai an sa na'urar rage wuta. Mai wat 100 yana jan kusan amfa 20 lokacin magana, ramin kunna taba kuwa kusan rabin haka yake ɗauka. Waya mai kauri ake ja daga kan batir kai tsaye, da fis kusa da batir ɗin. Kuma a ware wa rediyo batir na biyu, don kada mutum ya kwana yana kira ya wayi gari mota ta ƙi tashi.

Sai bayan duk wannan muka zo kan na'urar. Biyu aka fi ambata mini. Yaesu FT-891 gajeren zango ce da megahaz 50, wat 100, ƙarama, babu mita 2 a cikinta. Icom IC-7100 ta haɗa gajeren zango da mita 2 da santimita 70 a akwati ɗaya. Dukansu fuskarsu daban take zama da gangar jiki, wanda a zafin watan Mayu babban al'amari ne: a sa fuskar kusa da direba, gangar a ƙarƙashin kujera inda rana ba ta duka, a bar wa fankarta hanyar iska, a riƙa hure ƙura. Ra'ayina ya karkata ga raba ayyukan, na'urar nesa daban, ta ayari daban, saboda wanda ya tara komai a akwati ɗaya ranar da ya lalace ya kurmance gaba ɗaya. A kuma duba don wace ƙasa aka ƙera ta, domin iyakokin mitocin Amurka sun fi namu faɗi, mita 2 tasu har 148 take kaiwa. Su Codan da Barrett na Ostireliya, waɗanda muke gani a fararen motocin ƙungiyoyi da ƙaton gindin eriya a gaba, sun fi jure wahala kuma direba kowane iri zai iya aiki da su, tunda an ɗaure tashoshinsu tun daga ofis. Amma su a kan mitocin da hukuma ta ba ƙungiyar suke aiki, da wani izini daban.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi yi mini nauyin faɗa wa Dattijo. Dokar duniya ta keɓe rediyon masu sha'awa ga neman sani da gwaji da gaisuwa, ba don neman kuɗi ba. Ba a ciniki a kansa, ba a saƙa magana da nufin ɓoye ma'anarta, kuma dole mai magana ya riƙa faɗin lambarsa. Lasisin na mutum ne, ba na mota ba, ba na gida ba. Ga shi kuma duk mai na'urar sauraro zai ji abin da aka faɗa, na kirki da ɗan fashi. Aikin Dattijo kuwa rabinsa sirri ne: wane ya yarda zai biya diyya, wane ya ce sai an ba shi haƙuri a gaban mutane. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan na'ura kasuwa ce, ba zaure ba. Za ta faɗa wa gida kana lafiya, za ta nemo taimako idan an shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, amma maganar sulhu ba ta hawa kanta, kuma ko inda za mu kwana ba za a ambata da suna ba." Ya yi shiru, sannan ya ce ai manzon da ke shela a hanya ma yana da ranarsa.

Game da Thuraya, wadda direbobin Tenere suka daɗe da riƙewa, ban ɓoye masa ra'ayina ba. Wanda kuɗinsa na abu ɗaya ne kuma ransa yake tsoro, ita ya kamata ya fara saya: tana kiran lambar da kake so, tana nuna inda kake. Aibinta kowane minti kuɗi ne, kati yana ƙarewa, kuma mutum ɗaya take kira, in bai ɗauka ba shi ke nan. Rediyo ba ya cin kati kuma kowa ke ji, amma sai in akwai mai sauraro. A ƙasar da masu lasisi ba su da yawa, ba wanda zai zauna yana jiran muryarka sai wanda ka zaunar. Ke nan sayen rediyon mota sayen biyu ne, da na gida, da eriyarsa a kan soro, da mutum mai lasisi a kowane ɓangare, da lokaci sananne. Mun tsayar da bayan Azahar a mita 40, bayan Isha'i a mita 80, saboda lokutan salla ba mai mantawa da su kuma sun dace da halin rana. Idan lokaci biyu suka wuce a jere ba a ji mota ba, a tashi nema ta hanyar da aka rubuta kafin fita.

Takarda ita ce gaba da komai. Harkar mitoci a Nijar tana hannun hukumar ARCEP a Yamai, kuma a halin tsaron da ake ciki, motar da ta iso shingen jandarma da doguwar eriya da na'urar kira babu izini a rubuce, mai ita zai yi bayanin da ba zai ƙare a ranar ba, ko da rawaninsa ya kai ina. Na rubuta wasiƙar neman bayanin sharuɗɗa, Dattijo ya sa hannu. Ba za a sayi abin da ke fitar da murya ba sai amsa ta zo.

Kafin nan an zaɓi samari biyu, direbansa da wani jikansa da ya yi karatun lantarki, su fara koyo wurin tsohon ma'aikacin. An saya musu ƙaramin rediyon sauraro mai iya kama irin muryar masu sha'awa, domin a rediyon gida na yau da kullum maganarsu kamar kukan agwagwa take fita. Sun ja wayar jan ƙarfe daga soro zuwa bishiyar da ke tsakar gida, kuma kowane dare suna rubuta lambobin da suka ji da lokaci da mita a wani littafi da na ba su daga cikin na ofis. Shafi goma sha ɗaya suka cika zuwa jiya, yawanci Italiya da Sifen, sai 5N guda ɗaya da jikan ya ja wa layi biyu a ƙarƙashi.